Injin da Bai Taɓa Taka Hanya Ba

Ranar Alhamis da hantsi aka mayar wa Tanimu da goronsa. Ba tsohuwa aka aiko ta shigo gida ta yi sallama a hankali ba, kamar yadda masu mutunci kan yi. A tsakiyar garajinsa da ke bakin tashar Tawa, gaban direbobi da 'yan dako da masu shayi, wani baran gidan Alhaji Sabo ya dire ƙwaryar a kan tsohuwar taya, ya ɗaga murya yadda kurma ma zai ji.

"Alhaji ya ce a gaya maka, ɗiyatai Kulu ba ta auren mai tura wuta cikin dukiyar mutane."

Tanimu ya dubi goron, ya dubi baran, ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma, alhali hannun ya riga ya gogu tun ɗazu.

Kai, duniya! Ga mutumin da ya yi shekara shida a garajin soja, ya dawo gida shekarar da aka sami 'yancin kai, yau shekara uku ke nan ba motar da ta gagare shi daga Tawa har Ƙwanni. Aibinsa ɗaya a idon dangin Alhaji, shi ɗan maƙera ne, jikan maƙera. Su kuwa fatake ne tun kaka da kakanni, ba su taɓa ba maƙeri mace ba.

Kulu ce ta kafe. Bazawara ce, mijinta ɗan Maraɗi ya rasu ya bar mata rumfar atamfa a gefen tasha, kuma bazawara ba a yi mata dole. Shekara guda tana faɗa wa ubanta magana ɗaya, in ba Tanimu ba sai dai ta tsufa a rumfa. Da ƙyar da jiɓin goshi Alhaji ya karɓi goron, yana karɓa yana tsaki.

Akwai kuma Alƙasum, komi, wato akawu, a biro, ofishin gwamnati da ke kula da rijiyoyi, mai farar riga da tabarau da Faransanci a baki ko ba a tambaye shi ba. Sau biyu yana aika wa Kulu turare tana mayarwa. Da ya ga ƙofar 'ya ta rufe, sai ya bi ta ƙofar uba. Injin kamiyon Alhaji, babbar motarsa ta ɗaukar kaya, ya mutu murus, shi kuwa ya kawo wani a cikin akwatin katako, ya ce na wata mota ce da ta faɗi can wajen iyaka, injin ko ƙwarzane bai yi ba.

Tanimu aka ba aikin ɗorawa. Kwana goma sha biyu yana kai, har ƙafafun da injin zai zauna a kansu shi ya ƙera da hannunsa a maƙerar gidansu. Ya tayar da shi a garaji tun hantsi har azahar, ruwa bai ko yi ɗumin kirki ba.

Tafiyar farko, an yi lodin gero za a Takanamat, Alhaji da kansa a gaba. Ba a kai Afala ba ruwa ya tafasa. Aka tsaya, ya huce, aka tashi, ya sake tafasa. A karo na uku batir ya mutu, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari, fasinja suka yi ta dirowa ana salati. A kan jakin aro Alhaji Sabo ya shigo Tawa, rawani a karkace, yara suna kallo.

Washegari Alƙasum ya zauna a zauren Alhaji, ya cire tabarau, ya yi ajiyar zuciya.

"Ni ban ce komi ba, Alhaji. Amma inji lafiya lau na kawo shi. Wa ke wasa da wuta a garin ga ba ta ƙone shi? A hannun Tanimu mota sanyi ƙalau, da ta bar hannunai sai ta kama da wuta. So yake a ce ba ka da motsi sai da shi."

Shi ke nan, magana ta zauna, ita ce kuwa ta sa aka mayar da goro. Wa bai taɓa ganin maƙera ranar wasansu suna lasar jan ƙarfe ba? Aka kira malami ya yi rubutu, aka wanke allo aka ɗura a radiyater, wato tukunyar ruwan da ke gaban mota, aka ɗaura laya a sitiyari. Kamiyo dai tana nan tsaye a tasha inda aka jawo ta, ko tari ba ta yi ba.

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Tanimu yana zaune a maƙera, ba wuta ba zuga, sai kakarsa Habi tana ɓarar gyaɗa tana tsokanarsa.

"Mijin nawa, tun da an ƙi ka a waje sai ka dawo mini. Ni ba ni mayar da goro, haƙoran ci ne dai babu."

"Kaka, don Allah ki bar ni."

"Na bar ka. Ga wadda ba ta bar ka ba nan tafe."

Kulu ce, ta lulluɓe har ido. Tana shigowa ta durƙusa ta gaida tsohuwa. Habi ta kwashi gyaɗarta ta koma bakin ƙofa ta juya musu baya, kunnenta kuwa yana nan tare da su.

"Tanimu."

"Mi ya kawo ɗiyar fatake gidan masu tura wuta?"

"Haba! Har da ni?" Hawaye suka zubo mata. "Kwana biyu ban sa komi a bakina ba. Gwaggonnina sun cika gida, wagga ta zage ni, waccan ta yi mini wa'azi. Sun ce na jawo wa Baba abin kunya, sun ce asiri ka yi mini ni ma. Na ce in son ka asiri ne, kada Allah shi ba su maganinai."

Zuciyarsa ta karye, amma fushi bai bar shi ya nuna ba.

"A gaban 'yan dako anka dire mini goro, Kulu. Ubana ya mutu ba wanda ya taɓa ce mai mugu. Kakana shi ya ƙera wa rabin ƙasar Adar garma. Yau ni anka mai da matsafi, don wani mai tabarau ya buɗe baki."

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Jiya direba uku sunka janye motocinsu daga garajina. Mai shayi ya ƙi karɓar kofin da na sha da shi sai da ya wanke sau uku. Wallahi tallahi sai na rama. Ko zan yi tsirara a kasuwa sai na rama."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Shi kuwa Alƙasum kullum yana zauren Baba yana cika baki. Shekaranjiya ina bayan katanga na ji shi yana gaya wa abokinai da dariya, wai maƙeri ya ɓata inji sabo fil, injin da bai taɓa taka hanya ba, tun da anka yi shi yana zaune wuri guda a bakin rijiya."

Tanimu ya ɗago kai a hankali.

"Mi kika ce?"

"Wai a bakin rijiya yake zaune."

Ya miƙe tsaye har kansa ya bugi rufin rumfa. Ya dafe goshi da hannu biyu.

"Innalillahi! Ni jaki ne, Kulu. Jaki mai kunne huɗu!"

"Lafiya?"

"Injin famfo ne! Ba na mota ba ne, na jan ruwa ne. Ki ji nan. Fankar mota iska take ja daga gaba, ta ratsa radiyater, ta shiga ciki. Injin da ke zaune wuri guda kuwa fankatai turawa take yi waje, don kada zafi shi taru a ɗaki. In yana tsaye, lafiya lau, shi ya sa bai yi zafi a garajina ba. Amma da mota ta ɗau gudu, iskar hanya ta turo daga gaba, fanka ta turo daga baya, sai su yi karo su tsaya cik. Ruwa ba zai tafasa ba?"

"To wutar da ta tashi fa?"

"Ita ma daga nan take. Injinan famfon nan na ƙasar Ingilishi ne, su kuwa Ingilishi, cikin wayoyin batir biyu, ba wadda Faransawa ke ɗaurewa a jikin mota suke ɗaurewa ba, ɗayar suke ɗaurewa. Dinamo, mai ba batir wuta, sai shi yi ta aiki a juye, maimakon shi cika batir sai shi zuƙe shi, har akwatin da ke daidaita wuta shi ƙone. Allurar da za ta nuna mini haka ta mutu tun zamanin Nasara." Ya ciji yatsa. "Da na tara tafin hannuna gaban motar nan sau ɗaya, da na ji. Ban yi ba. Ina ta jin daɗin ƙafafun da na ƙera."

Kulu ta yi murmushin farko a kwana biyu. Amma murmushin bai daɗe ba, don ita 'yar kasuwa ce, kanta na ja.

"Tsaya. Injin rijiya na wa ne?"

"Na gwamnati."

"Shi kuma Alƙasum a biron rijiyoyi yake."

"Ƙwarai." Yanzu Tanimu ne ke murmushi, irin wanda ba a son gani a fuskar mutum. "Rana dubu ta ɓarawo."

Ta kama gefen rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Tanimu, Baba ya dangwala yatsa a takarda. Da idona na gani. Da Faransanci take, bai san abin da ke ciki ba. In maganar rijiya ta fita, ba Alƙasum kaɗai za a kama ba."

"Da anka ce ni matsafi ne, shi Alhajin ya tsaya ya bincika?"

"Ubana ne!"

"Ni kuma ɗan wani ne."

Ta durƙusa a cikin tokar maƙera, tana kuka sosai.

"Na roƙe ka don Allah, don Annabi. Ka gyara motar, kowa shi ga iyawarka, ka wanke sunanka. Maganar rijiya ka bar mini, ni zan gaya wa Baba a ɗaki daga ni sai shi. Zai mai da injin a asirce, zai kori Alƙasum daga zaure, kunya za ta sa shi aiko a nemi gafararka. Na san halinai. Kafin wata guda za a ɗaura mana aure. In kuwa ka tona a gaban mutane, ko ina son ka kamar raina, ba ni iya shiga ɗakin wanda ya ɗaure ubana. Ka ji ni da kyau?"

Daga bakin ƙofa tsohuwa ta yi gyaran murya, ba ta juyo ba.

"Ɗan nan, ƙarfe ma in ya yi ja da yawa ba a dukanai, narkewa yake. Ka ji maganar yarinya."

Tanimu ya koma ya zauna.

"Na ji. Ba ni ambatar rijiya."

"Ka rantse."

"Na ce na ji, Kulu."

Ta tashi ta karkaɗe zanenta ta tafi. Sai da ta kai gida ta tuna bai rantse ba.

* * *

Lahadi ranar kasuwar Tawa ce, ga bazara ta kai intaha. Tun hantsi rana take dukan kai. Mutanen Kalfu sun shigo da dawa, Buzaye da Fulani daga arewa sun cika kasuwar dabbobi da shanu ramammu, suna sayarwa a kan ko nawa, don wai ruwa ya yi wuya bana.

Alhaji Sabo na zaune a kan buzu a inuwar matacciyar kamiyonsa yana karɓar jaje kamar an yi masa rasuwa. Alƙasum na gefensa cikin riga fara sol, yana fifita da jarida.

Sai ga Tanimu ya ratso taro, batir a kafaɗa, buhu a hannu. Ya ajiye, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, Alhaji."

Alhaji ya kau da kai.

"Na zo neman alfarma ɗaya, a gaban jama'a, tun da a gaban jama'a anka yi mini hukunci. A bar ni in taɓa motar ga daga yanzu zuwa kiran azahar. In ba ta je Afala ta dawo da ruwanta sanyi ba, na bar Tawa, ba a sake ganina har in mutu."

"Kada a bar shi!" in ji Alƙasum. "Wanda ya ɗaura ai shi ka iya kwancewa. Zai janye abin da ya tura ne, shi ce gyara ya yi."

"To a kira malamin da ya yi rubutu shi tsaya a kaina," in ji Tanimu. "Kowa shi matso. Abin da zan yi, ko makaho sai ya gani."

Direbobi suka fara gunaguni. Sarkin tasha ya ce gaskiya a bar shi, ba a yanke wa mutum hannu ba a ji ta bakinsa ba. Alhaji ya ga idanu sun yi yawa, ya ɗaga hannu da ƙyar.

Can gefe, a rumfar atamfa, Kulu ta miƙe tsaye, ta riƙe ginshiƙin rumfar.

Tanimu ya ɗaura batirinsa, ya cire ƙonannen akwatin ya sa na tsohon injin da ya taho da shi. Ya ɗauki guntuwar waya, ya ɗora bakinta ɗaya a kan batir, ya ɗan taɓa dinamo da ɗayan. Tartsatsi ya yi ƙyas! Mutane suka ja da baya, wata mata ta ce a'uzubillahi.

"Ba tsafi ba ne, Inna. Hanya na nuna mai. Da can baya yake tura wuta, yanzu ya san gaba."

Ya tayar da inji, ya kama ruri. Ya cire waya ɗaya daga batir, injin bai mutu ba, fitilu suna ci tar. Wani tsohon direba ya gyaɗa kai ya ce, "Dinamo na ba da wuta. Wanga gaskiya ne."

"Saura zafi," in ji Tanimu. "Mushe Alƙasum, yadda kuke faɗa da Faransanci, kai ka yi lakwal, ka yi boko, ka fi mu sani. Fankar mota ja take ko turawa?"

"Ja take, mana. Yaro ma ya san wanga."

"Madalla. To matso nan gaba ka duba mana, kai da ke da tabarau."

Girman kai ba ya barin mutum ya ƙi. Alƙasum ya taso ya tsaya a gaban motar, ya sunkuya yana leƙe kamar ya san abin da yake nema. Tanimu ya zura hannu a buhu, ya cika tafi biyu da ƙaiƙayin gero da garin gawayin maƙera, ya zuba a bayan fanka, ya ja wayar mai.

Wohoho! Baƙar guguwa ta fito ta gaban mota ta rufe Alƙasum daga hula har takalmi. Farar riga ta koma ta mai sayar da gawayi. Ya yi baya yana tari, tabarau ya faɗi, ya taka shi da kansa.

Tasha ta ɗauki dariya. 'Yan dako har da faɗuwa ƙasa. Mai shayin nan da ya wanke kofi sau uku ya fi kowa ƙyaƙyatawa, munafuki.

"Kun gani?" Tanimu ya ɗaga murya. "Turawa take! Ga aljanin da anka ce na sa. Laifina ɗaya, ban duba ba, kuma na ɗauka."

Ya kashe inji, ya kwance fankar, ya ɗaura ta tsohon injin da ya riga ya huda mata ramuka tun jiya. Ya sake tayarwa, ya saki ƙaiƙayi a gaba, ya manne a jikin radiyater tsaf.

"Allahu akbar!" in ji sarkin tasha. "Alhaji, an zalunci yaron ga."

Alhaji Sabo ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da ya ɗago, idonsa ya yi laushi. Ya buɗe baki, kuma duk wanda ke kusa ya ga alamar abin da zai faɗa. A rumfa, Kulu ta saki ginshiƙi ta ɗaga hannu sama tana hamdala.

Da nan aka tsaya, da an sha biki.

Amma Alƙasum ya miƙe yana furzar da gawayi, kunya ta haukata shi.

"To sai mi? Ko ya gyara mota dubu, maƙeri maƙeri ne! Alhaji, ka ba jikan masu zuga-zugi ɗiyarka, jikokinka su tashi suna warin toka kamar tsohuwar nan tasu mai bakin mayu?"

Tanimu ya tsaya da sufana a hannu. Ya ji maganar ta shiga har ƙashi. Ya waiwaya rumfar atamfa, ya ga Kulu tana girgiza masa kai, tana haɗa tafin hannu. Ya gan ta sarai, kada wani ya ce bai gan ta ba. Ya kuma ga Buzayen da suka taru a bayan 'yan kallo da sandunansu. Dariyar da aka yi wa Alƙasum ba ta ƙosar da shi ba, so yake ya gan shi a ƙasa yadda ba zai sake tashi ba.

"Mushe," ya ce, murya a kwance, "ni dai na san kakata. Kai gaya wa jama'a asalin injin ga. Fanka mai turawa ba a sa ta a mota. Ta injin famfo ce. Daga bakin wace rijiya ka ciro shi?"



Wani dogon Buzu mai baƙin rawani, Sidi sunansa, ya ture mutane ya matso. Ya leƙa cikin motar, ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a kan wani tabon jan fenti a gefen injin.

"Namu ne," ya ce da Hausarsa mai nauyi. "Na rijiyarmu, arewa da Takanamat. Wata biyu ke nan wanga mutum ya zo da takarda, ya ce za a kai gyara. Muna jira. Shanuna goma sha ɗaya sun mutu a bakin rijiyar. Mata suna kwana biyu a hanya neman ruwa."

Ya juya ya yi magana da 'yan'uwansa da harshensu. Sanduna suka tashi sama.

Ba don jandarmomi biyu, 'yan sandan da ke sintirin kasuwa, sun kutso ba, da ba a sami abin binnewa a jikin Alƙasum ba. Suka fizge shi daga hannun mutane, riga a yage. Tun ba a tambaye shi ba ya fara ihu yana nuna Alhaji.

"Ba ni kaɗai ba ne! Ga wanda ya saya! Takarda na biro, da yatsanai a kai!"

Babban jandarman ya juya.

"Motar wa ce?"

Alhaji ya miƙe.

"Tawa ce, ɗana. Amma wallahi ban san..."

"Ka faɗa a can."

Ya kama shi a hannu. Cikin turereniya rawanin Alhaji ya warware ya faɗi, ga furfura a waje, tsoho ɗan shekara saba'in, a tsakiyar kasuwar da ya yi shekara arba'in ana gaishe shi a durƙushe. Wani daga baya ya yi ihu, "Ɓarawon ruwa!" Wasu suka amsa.

Tanimu ya matsa da sauri.

"Ranka shi daɗe, tsohon ga bai sani ba. Ni shaida ne, ruɗinai anka yi."

"Kai ne makanikin?"

"Ni ne."

"To motar ga da injinta shaida ce, za a kai ta jandarmari. Ba mai taɓa ta sai kai. Hau ka ja."

"Ni?"

"Da wa nake magana?"

Aka jefa Alƙasum a baya. Alhaji kuwa, don girman shekarunsa, aka sa shi a gaba, tsakanin jandarma da mazaunin direba. Tanimu ya hau, kafaɗarsa na gugar ta tsohon. Alhaji bai dube shi ba, sai leɓunansa ke motsi.

Kafin ya sa giya, Kulu ta iso. Ta tsinci rawanin daga ƙasa, ta karkaɗe, ta miƙa wa ubanta ta taga, ta gaban fuskar Tanimu. Idonta a bushe yake ƙayau, kuma wannan ya fi masa kukan shekaranjiya ciwo.

"Kulu, ki saurare ni. Kin ji abin da ya ce wa kakata. Zan tsaya wa Alhaji, zan rantse da Alƙur'ani gaban kowa, ba zai kwana..."

"Sunanka ya wanku, Malam Tanimu," ta ce. Ba ta taɓa ce masa Malam ba. "Duk Tawa ta shaida kai ba mugu ba ne. Ni kaɗai na san abin da na roƙe ka a cikin toka."

"Don Allah, Kulu."

"Ja motarka. Ka bi da shi a hankali, yana da ciwon baya."

Ta ja da baya ta ba shi hanya. Jandarma ya buga ƙofa da tafin hannu, Tanimu ya saki birki. Kamiyo ta ratsa kasuwa tana tafiya sumul, injin na kiɗa daidai, ba zafi ba hayaƙi. A madubi yana hango ta tana biye da su a ƙasa cikin rana, ba ta gudu ba ta tsayawa, kuma ko sau ɗaya ba ta dubi wajen da yake ba.